Daga Zauren Alƙali Zuwa Kotun Ƙoli: Tarihin Afil a Ƙasar Sakkwato

Duk wanda ya taɓa zama a bakin kotu a Tambuwal ko Kebbe, ko da rakiya ce ta kai shi, ya san kalmar nan "afil". Da zarar alƙali ya yanke hukunci, sai ka ji wanda abin bai yi wa daɗi ba ya ce shi kam sai ya yi afil. Kalmar aro ce daga Ingilishi, amma ta zauna daram a bakin Bahaushe, har tsofaffinmu ba su ɗauke ta baƙuwa ba. Mu 'yan boko ne muka fi son cewa "ɗaukaka ƙara". To, abin da nake so mu duba, 'yan'uwa ɗalibai, shi ne yadda wannan afil ɗin ya riƙa sauya dokar laifuffuka a ƙasarmu, tun daga zamanin En'e har zuwa shekarun nan. Mai karatu zai yi mamakin ganin cewa da yawa daga cikin shari'un da suka juya akalar dokar Nijeriya ta Arewa, a nan maƙwabtanmu suka faro, watau Gwandu da Sakkwato da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Bari mu fara da tushe. Tambuwal ribaɗi ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, yana kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega, kuma tsakaninsa da Gwandu ba wata tafiya ba ce mai nisa. Kebbe tana kudu da shi, wajen iyaka da ƙasar Gummi. Tun zamanin Daular Usmaniyya mutanen wannan yanki sun san alƙali, sun kuma san cewa hukuncinsa ba shi ne ƙarshen magana ba, gama wanda aka zalunta yana iya kai kukansa gaban sarki. Littattafan da alƙalai suke dogara da su na mazhabar Malikiyya ne, irin su Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfatul Hukkami, sa'an nan ga Liya'ul Hukkami wanda Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa a kan yadda ya kamata masu mulki da masu hukunci su tafiyar da aikinsu.

Da Turawa suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, ba su rushe kotunan alƙalai ba. Sun bar su, amma sun ɗaure su da igiya biyu: sun hana yanke hannu da makamantansa, kuma sun ce ba za a zartar da hukuncin kisa ba sai Gwamna ya sa hannu. A gefe guda kuma, a 1904, Lugga ya kafa tasa dokar laifuffuka irin ta Ingila, wadda kotunan Turawa suke aiki da ita. Ka ga ke nan an sami doka biyu a ƙasa ɗaya. Shekara da shekaru abin bai tā da ƙura ba, domin kowace tana bin hanyarta, Razdan da Di'o ne kawai suke leƙa littafin alƙali su gyara abin da suka ga dama. Sai a 1933, zamanin Gwamna Kamaru, aka buɗe ƙofar da mutum zai iya tashi daga kotun sarki ya kai ƙara gaban joji Bature. Daga nan ne wutar ta fara ruruwa.

A nan ya kamata in ɗan tsaya in bayyana inda dokokin nan biyu suka saɓa, don in ba a fahimci wannan ba, sauran labarin ba zai shiga ba. A wurin malaman Malikiyya, in mutum ya kai wa wani hari da nufin cutarwa, ko da sanda ce, har ya mutu, to kisan ganganci ne. Ba a tambayar ko an ɓata masa rai kafin ya ɗaga hannu. Abin da ya rage yana hannun magadan mamaci: in sun so a yi ƙisasi, in sun so su yafe ko su karɓi diyya, sa'an nan hukuma ta yi wa mai laifin bulala ɗari ta tsare shi shekara guda. Ita kuwa dokar Ingila ba ruwanta da magada, ƙasa ce mai ƙara. Amma tana da wata ƙofa da Malikiyya ba ta da ita, watau tunzurawa. In an tsokani mutum tsokana mai tsanani, ya yi kisa nan take cikin zafin zuciya tun bai huce ba, to ba a kashe shi, ɗauri za a yi masa. Kowace doka tana da inda ta yi sassauci da inda ta tsananta, sai dai wuraren ba ɗaya ba ne.

A 1947 aka kai shari'ar wani mutum mai suna Tsofo Gubba gaban Kotun Afil ta Afirka ta Yamma. Kotun Sarkin Gwandu ta same shi da laifin kisa, ta yanke masa hukuncin kisa bisa Malikiyya. Da jojin Turawa suka duba, sai suka ga akwai tunzurawa a cikin al'amarin, wadda da a kotunsu ne da ba ta kai shi ga igiya ba. Suka soke hukuncin, suka kuma ce duk laifin da yake rubuce a dokar Turawa, to ko alƙali ne zai yi shari'arsa dole da ita zai yi aiki. Wannan magana ta girgiza sarakuna ƙwarai, gama ma'anarta ita ce an tuɓe shari'ar Musulunci daga fagen laifuffuka ba tare da an yi shawara da kowa ba. Gwamnati ta ga ba za ta iya da fushin sarakuna ba, sai ta gyara doka a 1948, ta sake gyarawa a 1951, aka mayar wa alƙalai ikonsu. Amma gyaran bai kashe maganar ba. A 1957 shari'ar Maizabo da En'en Sakkwato ta isa Kotun Ƙoli ta Tarayya a Ikko, ita ma a kan kisa da tunzurawa. Can aka ce alƙali yana iya bin Malikiyya wajen tabbatar da laifi, amma ba shi da ikon yanke horon da ya wuce wanda dokar Turawa ta tanada ga irin wannan aiki. Dubi irin tsaka mai wuyar da aka sa alƙali: ya karanta Muhtasar da ido ɗaya, ɗaya idon kuma yana kan littafin da ba a koya masa ba, cikin harshen da bai iya ba. Bayan shekara biyu kuma, a 1959, kotun nan ta soke hukuncin da aka yi wa wani mai suna Guri a Haɗeja, saboda an tuhume shi da fashi aka hana shi kare kansa.

Ni a ganina, waɗannan shari'u su ne ainihin iyayen dokar Final Kod, ko da yake an fi danganta ta da siyasar neman mulkin kai. Gaskiya ne ƙananan ƙabilu da waɗanda ba Musulmi ba sun kai kukansu gaban Hukumar Wilink a 1957 da 1958, kuma Ingila ta nuna ba za ta saki Arewa ba sai an gyara sha'anin kotuna. Amma rikicin da afil ya haifar shi ya sa kowa ya yarda cewa tafiyar ba za ta yiwu a haka ba. Gwamnatin Sardauna ta aika da wakilai Sudan da Libiya da Pakistan su ga yadda ƙasashen Musulmi suka yi da nasu. Sa'an nan a 1958 ta kira wani kwamitin masana shari'a, shugabansa Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. A ciki akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa Babban Alƙalin Bida. Suka ba da shawara a yi doka guda rubutacciya wadda za ta hau kan kowa, a ɗauko samfurinta daga ta Sudan, wadda ita ma daga dokar Indiya ta 1860 aka ciro ta. Kafin a kai ta majalisa sai da malamai suka bi ta, a ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Malam Junaidu. Ta fara aiki ran 30 ga Satumba 1960, ana gobe samun 'yancin kai.

Final Kod sulhu ce, kuma kowane sulhu yana da wanda ya ji an danne shi. Tunzurawa ta shiga, tana sashe na 222. Ƙisasi da diyya sun fita, sai dai an bar wata 'yar kafa: kotun gargajiya ta tambayi dangin mamaci ra'ayinsu ta rubuta, domin a duba lokacin da ake shawarar yin afuwa. An bar zina da shan giya a matsayin laifi ga Musulmi, har da bulalar haddi, wadda manufarta kunyatarwa ce ba azabtarwa ba. Aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, inda Shaihu Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962, amma aka taƙaita ta ga aure da saki da gado da wakafi da irinsu. A 1967 sojoji suka rushe kotunan sarakuna, kotunan alƙalai kuma suka koma hannun gwamnatin jiha da sunan kotunan yanki. Daga ran nan mutumin Kebbe da aka tuhuma da kisa ba gaban Sarkin Musulmi za a kai shi ba, sai gaban joji a Babbar Kotu.

Ba zan daɗe a kan muhawarar 1978 ba, lokacin da wakilai Musulmi suka fice daga Majalisar Tsara Tsarin Mulki a kan batun kafa kotun afil ta Shari'a ta tarayya. An sha rubutu a kanta. Abin da ya fi shafar zancenmu ya faru ne a wani ƙauye.

A watan Yulin 1999 jita-jita ta bazu a Randali da Kardi, cikin Jihar Kebbi, cewa wani mutum ya zagi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wasu mutane suka kama shi a Kardi, aka kawo abin da Risala ta faɗa a kan hukuncin mai zagi, suka yanka shi. Babbar Kotun Kebbi ta yanke musu hukuncin kisa a ƙarƙashin sashe na 221 na Final Kod. Suka yi afil har Kotun Ƙoli, inda aka yanke shari'ar ɗaya daga cikinsu, Abubakar Ɗan Shalla, a 2007. Hujjar da aka kawo musu ita ce dai tsohuwar hujjar Tsofo Gubba, wai an tunzura su. Kotu ta ƙi karɓa, domin ba su ji zagin da kunnensu ba, labari aka ba su, kuma abin da suka yi shiri ne ba fushin farat ɗaya ba. Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, wanda masanin shari'ar Musulunci ne kuma daga baya ya zama Babban Jojin Nijeriya, ya ƙara da bayanin cewa ko a Musulunci hukuncin da ke cikin littafi ba na kowa da kowa ba ne ya zartar. Sai an kai gaban alƙali, an kawo shaidu, an tabbatar, sa'an nan shugaba ya zartar. Shekara 60 daidai tsakanin shari'ar Gwandu da wannan, kuma ƙasar guda ce. Ina ganin wajibi ne kowane ɗalibi a Sakkwato ya san wannan hukunci, musamman bayan abin da ya auku a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a watan Mayun 2022, inda taron ɗalibai ya kashe wata ɗaliba a kan irin wannan zargi ba tare da an je gaban kowane alƙali ba.

Mu koma baya kaɗan. Ran 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani ya yi bikin ƙaddamar da Shari'a a Gusau, jihohi suka bi sahu, har da Sakkwato a zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa. Dokar laifuffuka ta Shari'a ta Jihar Sakkwato ta fara aiki a Janairun 2001. Ba a yi shekara ba sai ga shari'ar da ta kai sunan jihar nan kowane lungu na duniya. Ran 9 ga Oktoba 2001 Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jefewa, saboda ta haihu alhali ba ta da aure. Namijin da ta ambata ya musa, aka sallame shi. Jaridun Turai suka yi ca, shugabanni suka yi ta aiko da roƙo, har birnin Rum ya ba ta takardar zama 'yar gari ta girmamawa daga baya. Saboda wannan hayaniya mutane da yawa har yau suna zaton matsin Turawa ne ya cece ta. Wanda ya karanta hukuncin ya san ba haka aka rubuta ba.

Alƙalai huɗu ne suka zauna a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato, cikinsu har da Abdulƙadir Sa'idu Tambuwal, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan jihar. Lauyanta, Abdulƙadir Imam Ibrahim, bai ce Shari'a ba ta da kyau ba. Cewa ya yi ba a bi ta ba. Ran 25 ga Maris 2002 kotu ta yarda da shi. Da fari, cikin ya samu tun kafin dokar ta fara aiki, kuma ba a hukunta mutum da dokar da ba a kafa ba lokacin da ya yi abin. Sa'an nan ba a bayyana mata ma'anar tuhumar ba filla-filla, ba a faɗi rana ko wuri ba. Ba a yi mata i'izari yadda ya kamata ba, watau tambayar ƙarshe da alƙali yake yi wa wanda ake tuhuma ko yana da sauran hujja. Ta kuma janye iƙirarinta, kuma a haddi wanda ya janye an karɓa. Daɗin daɗawa, malaman Malikiyya sun yarda ciki yana iya kwanciya shekaru, har biyar a zance mafi shahara, saboda haka cikin bazawara ana iya danganta shi ga tsohon mijinta. Likita zai yi gardama da wannan, amma duk wanda ya san fiƙihu ya san amfaninsa: ƙofa ce da malamai suka bari a buɗe don a kauce wa haddi in akwai shubuha. Irin waɗannan hujjoji ne suka kuɓutar da Amina Lawal a Katsina ran 25 ga Satumba 2003, bayan kotun Bakori ta yanke mata jefewa kuma ta Funtuwa ta tabbatar.

Wani abin mamaki shi ne, ita kanta kotun da ta saki Safiya an zo ana tambayar ko tana da ikon sauraron irin wannan ƙara. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗaure ta ga al'amuran iyali da gado, kamar dai yadda aka yi a 1960. Jihohi sun faɗaɗa mata iko da dokokinsu, amma a 2007, cikin shari'ar Kanawa da Maikaset wadda ta taso daga Sakkwato, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta ce majalisar jiha ba ta isa ta ƙara abin da Tsarin Mulki bai bayar ba. Shi ya sa a Kano, da Babbar Kotun Shari'a ta yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif Aminu hukuncin kisa a Agustan 2020 bisa zargin ɓatanci, Babbar Kotun jiha ya nufa da afil ɗinsa. A Janairun 2021 ta soke hukuncin domin an yi masa shari'a ba lauya, ta ce a sake. A Agustan 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da a sake ɗin, kuma alƙalai biyu cikin uku suka ce dokar Shari'a ta Kano ba ta saɓa wa Tsarin Mulki ba. A Nuwamban shekarar lauyoyinsa suka wuce Kotun Ƙoli.

Manoman Kebbe da makiyayanta kuwa, shari'ar da ta fi kusa da rayuwarsu ita ce ta Sunday Jackson, wani manomi a Adamawa. Ya ce makiyayi ne ya far masa da wuƙa a gona, ya ƙwace ta ya soke shi. A Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa, bisa cewa tun da ya raba abokin faɗansa da makami, hatsarin ya wuce, gudu ya kamace shi. Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta saɓa wa sauran. Gwamnan jihar ya yi masa afuwa a Disamban shekarar, amma afuwa ba ta goge hukunci daga littafi, kuma abin da Kotun Ƙoli ta faɗa a kan iyakar kare kai ya hau kan joji a Sakkwato kamar yadda ya hau kan na Yola.

Akwai kuma hannun ɗan yankin nan a gyaran da aka yi wa hanyar gudanar da shari'a. Aminu Waziri Tambuwal, lauya ne, ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal daga 2003 zuwa 2015, kuma yana Shugaban Majalisar Wakilai aka zartar da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015. Da ya zama gwamna, Sakkwato ta yi tata a 2019 bisa samfurin ta Tarayya, ta kuma sabunta Final Kod ɗinta a shekarar. Dokar 2015 ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, abin da kowa ya san ana yi a ƙauye. Ta umarci majistare ya riƙa leƙa ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Ta kuma ce in mutum zai yi iƙirari a ɗauke shi a bidiyo, ya yi bayaninsa a gaban lauyansa ko wani da ya zaɓa. An daɗe ana gardama ko wannan tilas ne ko shawara, sai a 2024, cikin shari'ar Nnajiofor, Kotun Ƙoli ta ce tilas ne, iƙirarin da aka ɗauka ba ta wannan hanya ba a yar da shi. Malaman da suka rubuta babin iƙirarin wanda aka tilasta ba za su ga baƙon abu a nan ba.

Saura magana guda wadda ta shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin Hausa. Mutumin Kuchi ko Sanyinna in an kama shi, da Hausa zai yi bayani, ko da Fillanci, ɗan sanda kuwa da Ingilishi yake rubutawa, kuma takardar nan ce za ta bi shi daga Babbar Kotu zuwa reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato, har Abuja, inda waɗanda za su karanta ta ba su taɓa jin muryarsa ba. Tsarin Mulki, a sashe na 36, ya ba shi haƙƙin a gaya masa laifinsa cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Kotun Ƙoli ta sha nanata cewa in ta bakin tafinta aka ɗauki bayani, dole a kira tafintan ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta. Dalilin a fili yake. "Na buge shi" da "na kashe shi" ba ɗaya ba ne, haka "ya zage ni" da "ya ci mutuncina", haka kuma "na yi fushi" da "zuciya ta ɗebe ni". A kan irin wannan bambanci ne joji zai tsaya ya zaɓi tsakanin hukunci biyu, ɗaya igiya ɗaya kurkuku, alhali wanda ya fassara kalmar a ofishin 'yan sanda sau da yawa kurtu ne da bai taɓa zama ajin fassara ba ko na kwana ɗaya.